Juyi Talatin da Uku

Shafi na 17

Masu ƙorafin na bar ku a tsaye tun Laraba, ku sami wuri ku zauna. Wainer ma bai zauna ba tun lokacin.

*

Tun da gari ya waye Wainer Zavalloni yake zarya tsakanin ɗakinsa da baranda. Ya kunna sigari, ya manta da ita a bakin taga, ya kunna wata. Daga kicin ana jin Gwaggo Desolina, yayar mahaifinsa, tana murza taliyar Lahadi. Wayar falo ta yi ƙara sau ɗaya, ya riga kowa isa.

"Attajiri! Ka tashi?"

Ermes Battistini ne, mai kamfanin da ya buga faifan waƙar da Wainer ya haɗa. Kamfanin ɗaki ɗaya ne a bayan shagon gyaran firiji a Rimini, amma tun watan Yuli Ermes ya koma kiransa hedikwata.

"Rage murya," in ji Wainer. "Baba yana gida."

"Ta waya zai ji ni? Saurara. Mutanen Landan sun sake neman kaya. A Ibiza an ce in ba a saka *Venaka* ba, ba wanda ke tafiya gida. Jiya wata tsohuwa ta kira ni daga Lugano, tsohuwa fa, wai sai ta ga mai waƙar da idonta. Na ce Sinyora, ki zo gidan rawa na Falena ranar Lahadi da yamma, teburi na jiranki. Ka ji inda muka kai? Har kakanni!"

"Ermes, maganar yau ɗin nan..."

"Ƙarfe huɗu. 'Yan talabijin sun riga sun kafa fitilunsu. Mirka da za ta fito a matsayin mai waƙar ta haddace motsa baki, gashin kantin da za ta saka ya iso daga Bologna. Yau duniya za ta ga Shirley Dawson."

"Babu wata Shirley."

"Akwai, tunda na biya kuɗin gashi. Kar ka makara."

Ya katse.

Duk bazarar nan, daga Cesenatico har Cattolica, duk garuruwan bakin teku, babu gidan rawar da bai kwana da *Venaka* ba. Ganga mai dukan ƙirji, fiyano mai tsalle, sai muryar mace siririya, mai kaifi, tana nanata kalma ɗaya. Wani ɗan jarida a Milan ya rubuta cewa kalmar Afirka ce, ma'anarta 'yanci. Wani ya ce sunan wata gunkiya ce. Da sun tambayi ko wace kaka a yankinsu na Romagna ta gaya musu *ven a cà* ne, wato dawo gida. Amma kakanni ba sa zuwa gidan rawa, 'yan jarida kuma ba sa tambaya.

Mutum biyu ne kawai suka san inda muryar ta fito. A watan Afrilu Wainer ya ciro wani babban faifai marar rubutu daga saman kabad ɗin mahaifinsa, ya ɗora a na'urarsa, ya manta madannin yana kan saurin juyi arba'in da biyar a minti maimakon talatin da uku. Sai ga mace tana waƙa. Ya mai da madannin inda ya kamata, sai ga ubansa.

Mai hankali da ya mayar da faifan saman kabad. Wainer ya kira Ermes.

*

Nevio Zavalloni, mahaifin Wainer, ya zauna a kan teburi kamar yadda ya saba tsayawa a dandamali, baya a miƙe, haɓa a sama. Shekara talatin yana rera liscio a filayen rawa, kiɗan da namiji ke riƙe ƙugun mace ya juya ta har ta manta ciwon gwiwa. Muryarsa mai kauri ce, irin wadda ke sa kofuna rawa a kan tire. Yanzu filayen sun koma wurin ajiye motoci, muryar ta koma ta neman gishiri.

"An ce ka yi suna," ya ce, bai ɗago daga farantinsa ba.

"Kaɗan dai, Baba."

"Mai burodi ya tare ni jiya, wai ɗana ya haɗa waƙa da wata Ba'amurkiya. Na ce masa ɗan da na sani ko ƙararrawar coci ba ya iya bi daidai."

"Nevio, bar yaro ya ci abinci," in ji Gwaggo.

"Ban hana shi ba. Injin wankinki ma dum-dum-dum yake yi, Desolina. Ban ga an kai shi Landan ba."

Wainer ya duba agogon bango. Ɗaya da kwata. In ya cinye, ya sha kofi a tsaye, ya fita kafin biyu, shi ke nan wata Lahadin ta wuce. Haka yake ƙirga rayuwarsa tun bazara, Lahadi bayan Lahadi.

Gwaggo ta goge hannu a zanin aikinta, ta jawo wata leda daga bayan kujera. Fuskarta na sheƙi.

"Ku ga abin da na yi jiya. Na shiga bas har Rimini, na bi layi da yara masu 'yan kunne a hanci."

Ta zaro faifan *Venaka*. Kwali baƙi, leɓen mace ja a tsakiya.

Wainer ya ajiye cokali.

"Gwaggo, ai da kin faɗa na kawo miki."

"Tun Yuli kake kawo min. Ɗan da na raina ya yi faifai, duk garin sun ji, ubansa bai ji ba? Abin kunya."

Ta nufi garmahon Nevio da ke kusurwar falo, katafaren akwatin katako mai lulluɓin saƙa a kai.

"Allurar wannan ta ci, Gwaggo. Za ta ɓata shi."

"Allurata lafiyarta ƙalau," in ji Nevio.

"Abinci zai huce."

"Ya huce."

"Ba a irin wannan na'urar ake..."

"Kai!" Gwaggo ta juyo, hannu a ƙugu. "Ni za ka koya wa saka faifai? Babba talatin da uku, ƙarami arba'in da biyar. Tun ba a haife ka ba nake yi."

Wata biyar Wainer yana tsoron ubansa ya gane karin waƙar ko da a bakin mace. Ko sau ɗaya bai taɓa tunanin wannan ba. Faifan rawa babba ne, amma a arba'in da biyar yake juyawa. Duk wani ɗan shekara sha biyar a bakin tekun nan ya san haka. Babu wani ɗan shekara sittin da ya sani.

"Gwaggo, tsaya, wannan arba'in da..."

Allura ta riga ta sauka.

Gangar ta fito a hankali, da nauyi, kamar mai hawa bene da buhu a ka. Nevio ya yi dariya ta hanci.

"Wannan ake wa rawa? Jana'izar wa?"

Fiyano ya shigo yana jan ƙafa. Wainer ya miƙe, kujerarsa ta faɗi. Taku huɗu ne tsakaninsa da garmahon. Ya yi biyu.

*Ven a cà.*

Muryar ta cika falon. Kofunan da ke cikin kabad ɗin gilashi suka amsa, don sun san mai ita.

*Ven a, ven a, ven a, ven a cà.*

Gwaggo ta kai hannu goshi, ta kai ƙirji. "Uwar Yesu. Nevio, wannan ai..."

Nevio ya ajiye cokali mai yatsu a gefen faranti, ya daidaita shi da wuƙa. Ya saurara har muryar ta zagayo karo na uku.

"Ban taɓa in'ina ba a rayuwata," ya ce.

"Baba..."

"Zauna."

"Bari in yi maka bayani."

"Na ce zauna. Ɗaga kujerar tukuna, ba ita ta yi laifi ba."

Ya tashi ya je gaban garmahon. Ya tura madannin zuwa arba'in da biyar. Gangar ta zabura, muryar ta haye sama, ta zama yarinya. Ya mai da shi. Namiji. Ya sake turawa. Mace. Ya ɗauki kwalin ya kai shi nesa da idonsa, don bai ɗauko tabarau ba.

"Shir-ley Daw-son. Chi-ca-go." Ya dubi jan leɓen. "Sun yi min kyau."

"Kuskure ne, Baba. Na saka ne a..."

"Sakawa kuskure ce. Bugawa fa? Kwalin fa? Landan fa? Duk kuskure? Yaron nan, kai kuskurenka har jirgin sama yake shiga."

Ya ɗaga allurar. Ya juyo ya dubi Wainer.

"Ina faifaina?"

"Yana ɗakina. Ban ɓata shi ba."

"Ka ji shi har ƙarshe?"

Wainer ya gyaɗa kai.

"To ka san wa ake kira."

"Na yanke sunanta. Ban bar shi a ciki ba."

"Na gode da tausayi."

Gwaggo ta fara tattara farantan da ba a gama ci ba, don hannunta ya sami abin yi. "Nevio, yaro bai sani ba..."

"Ya sani, Desolina. Ya ji sunan uwarsa, Iole, a ƙarshen waƙa, ya ɗauki almakashi." Ya juyo ga ɗansa. "Na rera wa dubban mutane waƙoƙin da ban yarda da kalma ɗaya a cikinsu ba. Wannan kaɗai ce gaskiya, ita kuma ban rera wa kowa ba. A Forlì na yi ta, ƙofa a kulle, na sa mai na'urar ya juya min baya. Kwafi biyu aka yanka. Ɗaya na aika wa uwarka. Ɗaya na ajiye don in riƙa tuna cewa na taɓa roƙon mutum, kar in sake."

"Ka aika mata?" Muryar Wainer ta canza. "Ka ce min ta tafi Jamus, ba ta bar adireshi ba."

"Na gaya maka abin da ɗan shekara shida zai iya ɗauka."

"Na wuce shida tuntuni!"

"Da alama."

"Shekara ashirin, Baba! Shekara ashirin ba ka ambaci sunanta a gidan nan ba. Hotonta ko ɗaya babu. In na tambaya, sai Gwaggo ta ƙara min miya. Sau ɗaya na ji ka kira ta, shi ma a faifai, shi ma sata na yi!"

"Sai ka ga ya dace 'yan Ingila su yi tsalle a kai."

"Suna kuka a kai! Ka zo ka gani! Mutum dubu biyu, hannu sama, ba su san me take cewa ba, amma suna kuka. Ba gangata ce ke sa su ba. Na gwada wasu muryoyin, ba abin da ya faru. Kai ne."

Wani abu ya gilma a fuskar Nevio. Duk mawaƙin da ya ce bai damu da taro ba, ƙarya yake yi. Amma abin ya wuce da sauri.

"Ta amsa?" in ji Wainer, a hankali. "Da ka aika?"

"Kana ganinta a teburin nan?"

Ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Gwaggo ta zube a kujera. "Ni na jawo. Ni da shisshigina. Da na zauna na kalli talabijin..."

"Ba ke ba ce, Gwaggo."

"Babba talatin da uku ne, Wainer. Kullum haka yake. Wa ya canza bai gaya wa mutane ba?"

Agogo ya buga biyu. Wainer ya tsaya a tsakar falo, makullin mota a hannu, bai san ko ya ƙwanƙwasa ba ko ya gudu. Kafin ya zaɓa ƙofar ta buɗe.

Nevio ya fito cikin farar kwat ɗinsa ta dandamali, mai ƙyalƙyali a wuya. Ta ɗan matse shi a ciki, tana warin maganin asu. Gashi a kwance da mai, hula a hannu.

"Ƙarfe nawa take fitowa?"

"Wa?"

"Ni."

"Baba, don Allah..."

"Na ji ka a waya da safe. Kurma nake in an tambaye ni kuɗi kawai. Tashi ka kai ni in gaida matar da na zama."

*

Suka kama hanya daga garinsu Bellaria zuwa tuddan Riccione, inda Falena take. Sau ɗaya Wainer ya kai hannu zai kunna rediyo, sai ya tuna abin da rediyo ke sakawa duk bayan rabin sa'a, ya janye hannun.

Rawar Lahadi da yamma ta matasa ce, waɗanda uwayensu ke son su dawo kafin cin dare. Babura sun cika gangaren tudun. Layi ya kai har titi. Da suka ga Wainer suka hau ihu, da suka ga farar kwat suka hau dariya.

"Kaka, bikin aure can ƙasa ne!"

Nevio ya ɗaga musu hula ya wuce.

A ɗakin bayan dandamali suka sami Ermes yana zagaye wata doguwar yarinya mai tulin gashi da baƙin tabarau. Mirka ce, mai gyaran gashi daga Cesena. An hana ta magana da kowa yau, don in ta buɗe baki Cesena ce za ta fito, ba Chicago ba.

Ta ga Nevio, ta cire tabarau, ta kira shi da laƙabin manyan mawaƙa.

"Maestro! Maestro Zavalloni! Kai ka yi waƙa a bikin iyayena! Mama har yau..."

"Mirka, rufe bakin nan!" in ji Ermes. Sannan ya ga fuskar Wainer, ya ga kwat ɗin, jini ya bar fuskarsa.

Nevio ya ƙare mata kallo daga takalmi zuwa gashi.

"Ke ce ni?"

"Ban gane ba, Maestro."

"Ba laifinki ba ne, 'yata. In kin zo kan *cà*, ki buɗe baki sosai. Daga ciki take fitowa, ba daga hanci ba."

Ermes ya kama hannunsa da hannu biyu. "Maestro, girma ne gare mu, wallahi girma ne. Bari mu zauna mu sha wani abu. Komai ana gyarawa. A bugu na gaba sai mu sa sunanka a baya."

"A ƙasan leɓen?"

"Inda kake so!"

"Ina da suna, Battistini. Na ubana ne, bai tsufa ba. Ina ɗana yake tsayawa in yana wannan aikin?"

Ɗakin saka faifai yana sama, kamar mumbari, ana ganin filin rawa gaba ɗaya. Wainer ya hau, ubansa na biye, Ermes na biye da uban yana magana. A ƙasa kawuna sun cika wurin, fitilun talabijin sun haske dandamali. Tebura kaɗan ne a gefe, na manyan baƙi.

Nevio ya ajiye hularsa a kan akwatin faifai. Ya sunkuya ya duba na'urar, ya sami abin da yake nema. Madannai biyu, kusa da juna.

"Ka saka shi yadda ka saba," ya ce. "Ka bari su yi tsallensu. In an zo inda zan shiga, ka danna wannan."

"Baba, talabijin na ɗauka."

"Na gani. Shi ya sa na sa kwat."

"Maestro!" Ermes ya kusa kuka. "Ka san abin da kake cewa? Yarinyar can za ta buɗe baki muryar ƙato ta fito! Landan za su maido mana da kaya! Za a yi mana dariya daga nan har Sicily! Yaron nan ba zai ƙara saka faifai ko a bikin suna ba!"

"An yi min dariya wata biyar ban sani ba. Shi aƙalla zai sani."

"To ka danna da kanka mana, in ka isa!"

"Ba zan taɓa ba. Hannun da ya mai da ni mace, shi zai mai da ni namiji."

Wainer ya dube shi. "In ban yi ba fa?"

"Ba komai. Sai in sauka in nemi bas. Desolina za ta ajiye maka kayanka a baranda, a ninke. Ka san ta da tsafta."

Ƙasa ta fara kira. Ve-na-ka! Ve-na-ka! Ƙafafu na dukan daɓe har ɗakin na girgiza. Mutumin talabijin ya ɗaga hannu yana juya yatsa.

Wainer ya zaro faifan daga kwali. Ya ɗora shi a na'ura. Arba'in da biyar. Ya sauke allura.

Gangar ta faɗo, wurin ya tashi. Mirka ta fito cikin hayaƙi, makirufo a hannu, wanda ba a haɗa da komai ba. Ihu ya kusa ɗage rufin.

Minti ɗaya ne daga ganga zuwa murya. Wainer ya san shi kamar numfashinsa. Ya dubi taron. Tun yana ɗan sha huɗu yake ɗaukar wa wasu akwatin faifai don a bar shi ya tsaya a irin wannan wuri. Ya dubi ubansa. Nevio bai dube shi ba, yana kallon hannayen da ke sama, leɓensa na motsi kaɗan. Ƙirga kiɗan yake, kamar kowane mawaƙi mai jiran shigarsa.

Fiyano ya shigo.

Wainer ya ɗora yatsa a kan talatin da uku.

"Wainer, kar ka kashe mu!" Ermes ya riƙo kafaɗar Nevio yana nuna ƙasa, yana ihu a kunnensa. "Maestro, duba! Duba abin da za ka rushe! Ba yara kaɗai ba! Ga teburin can na ƙarshe, matar can mai toka-tokan kwat, tun asuba ta shigo jirgin ƙasa daga Lugano don waƙar nan kawai!"

Leɓen Nevio ya daina motsi.

"Daga ina?"

"Lugano! Sau uku tana kirana!"

Wainer ya bi yatsan Ermes da ido. Mace ce mai furfura, a zaune ita kaɗai, ba ta cire kwat ba duk zafin wurin. Ba ta kallon dandamali. Ta ƙura wa lasifika ido. A cinyarta akwai wani abu mai faɗi a cikin tsohuwar takarda ruwan ƙasa, gefensa duk ya lanƙwashe, girmansa girman babban faifai, ta dafe shi da hannu biyu.

Ya juyo zai tambayi ubansa ko Lugano ya aika ɗaya kwafin, sai ya ga ba sai ya tambaya ba. Mutumin da ya tsaya a miƙe shekara ashirin ya dafa akwatin faifai kamar ƙasa ta goce masa. Hular ta faɗi.

Fiyano ya hau matakinsa na ƙarshe. Mirka ta ɗaga makirufo zuwa baki.

Nevio ya cafko wuyan hannun ɗansa.

"Kar ka danna. Wainer, kar ka..."

Nauyin hannunsa ne ya ƙarasa aikin.

Gangar ta ja ƙafa, ta durƙusa. Hannaye dubu huɗu suka tsaya a sama. Mirka ta buɗe baki sosai, yadda Maestro ya koya mata.

*Ven a cà.*

A teburin ƙarshe, matar ta miƙe.